Ba Mu Taɓa Komai Ba

Na ji abin da kuke faɗa jiya a bakin shago, kuna zaton na shige ciki. Wai wannan sana'a ta 'yan hutu ce: a zauna a ɗaki mai esi, a danna nan a danna can, in abu ya ƙi a kashe a kunna. Har wani a cikinku yana cewa kafin damina ta wuce zai ƙware, tunda komai yana cikin waya yanzu. To ku kife wayoyin nan ku saurara. Esin nan ba dominku aka sa shi ba, domin inji aka sa shi. Ranar da mai kamfani ya gano sabarsa, babbar kwamfutar da ke riƙe bayanansa, za ta iya rayuwa ba sanyi, ku da shan iska sai a gindin darbejiya.

Ni a hannun Oga Ishaya na koyi aiki, wani siririn mutum ɗan ƙasar Ganye da ke zaune a Dubeli. Lokacin shagunan intanet ne ke tashe a Jimeta, kowane mai ɗan hali yana so ya kafa faranti a kan rufi ya jera kwamfutoci. Bappana ne ya kai ni wurinsa, ya ce ga Buba, ya gama sakandare yana zaman banza. Shekarar farko Oga bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Kebul ya ba ni da filayar matse kai. Siraran wayoyi takwas ne a cikin kebul, kowace da launinta da gurbinta. In na jera na matse, sai ya sa a testa, 'yar na'urar gwaji mai fitilu. In fitila ɗaya ta ƙi kamawa, ya datse kan ya jefar, ya miƙo mini ragowar. Ba zagi, ba tsawa. Cewa kawai yake yi, "Sake." Har a mafarki na riƙa jin kalmar nan.

Aikina na farko a waje wani ofishin lauyoyi ne, ana tsakiyar bazara. Kun san zafin Yola a ƙasa. To ku hau tsakanin kwano da silin da tsakar rana ku ji nasa. Rarrafe nake a kan katako, tocila a baki, kashin ɓera da na jemage yana manne mini a gwiwa, in na kuskure taku ɗaya sai dai in faɗo a kan teburin lauya. Na ja kebul ɗin har ƙarshe, na sauko rigata kamar an tsamo ta daga Binuwai. Oga ya leƙa kansa ta ramin silin, ya haska, ya ce na kwantar da kebul ɗin jikin wayar wuta, zai riƙa kwasar hayaniya. Na koma. Ba wanda ya taɓa ganin wannan kebul tun daga ranar, kuma ba a taɓa kiran mu a kansa ba. Aikin kirki a wannan sana'a haka yake, ba a ganinsa.

Abin da ya fi koya mini ba a littafi yake ba. Duk inda aka kira mu, kafin ya buɗe jaka, sai ya tara mutanen ofis ya tambaye su, "Me aka taɓa?" Amsa kuwa ɗaya ce daga Jimeta har cikin garin Yola: "Wallahi ba mu taɓa komai ba, haka kawai ya tsaya." In mun fito sai ya ce da ni, da irin Hausarsa, "Buba, inji ba ya ƙarya. Mutum ne yana ƙarya. Ka tambaya, amma ka duba da idonka."

Akwai wata makarantar kuɗi a Dubeli da aka kira mu ranar da za a fitar da sakamakon jarrabawa. Iyaye sun cika harabar, kwamfuta ko ɗaya ba ta ganin 'yar'uwarta. Akwatin da duk kebul-kebul ke haɗuwa a cikinsa, wanda muke kira suwic, fitilunsa na walƙiya kamar sun haukace. Me aka taɓa? Ba a taɓa komai ba. Muka wuni muna zare kebul ɗaya bayan ɗaya, iyaye na zaginmu ta taga. Can la'asar muka iske wani ɗan guntun kebul da aka soke kansa da gindinsa duk a akwati ɗaya, saƙo yana ta zagaye a cikinsa har ya shaƙe komai. Mataimakin shugaban makarantar ne ya gan shi yana reto, ya tausaya masa, ya nema masa rami. Mutumin nan tun safe yana tsaye a bayanmu, hannu a aljihu, yana kallon guminmu. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta raba mu da wahalar yini guda.

Wani asibitin kuɗi kuma, mai kula da shi ya ga man janareta na tafiya, sai ya riƙa kashe esin ɗakin sabar duk ƙarshen mako. Bai gaya wa kowa ba. Sabar ta yi ta dahuwa a rufaffen ɗaki har faifan ajiyarta ya mutu, da bayanan marasa lafiya gaba ɗaya. Abin da ya cece su kwafin ajiya ne da Oga ya nace sai an riƙa yi, wanda su da kansu suka sha cewa ɓarnar kaya ce. Muka dawo musu da komai. Ko sannu ba mu samu ba. Mutumin cewa ya yi, "Ashe dama ba wani abu ba ne." Ku riƙe wannan tun yanzu. In komai na tafiya daidai, za a ce mene ne amfaninku. In ya lalace, za a ce mene ne amfaninku.

Tsaro kuwa, ku daina hango wani ɗan damfara a wata ƙasa mai nisa. Ɓarawo ta ƙofar da ma'aikaci ya buɗe yake shigowa. Shugaba zai ce kalmar sirrin da ka ba shi ta yi tsawo, ya ba sakatariyarsa ta riƙe masa, ita kuma ta ba ƙaninta don ya kalli ƙwallo. Akantan kamfani zai kai filashinsa shagon wankin hoto ya dawo da cuta ya soka a kwamfutar albashi. A kori ma'aikaci da faɗa da zage-zage, ba wanda zai tuna ya ce ka rufe masa ƙofa, sai bayan ya shigo daga gidansa ya yi ɓarna a zo ana hararar ka. Sannan kai mai riƙe da makullai, komai a buɗe yake a gabanka: wasiƙun mutane, albashinsu, cutar da ke jikinsu. Oga ya ce ido ya gani, baki bai gani ba. Wanda ba zai iya wannan ba a cikinku, ga ƙofa nan tun ban san sunansa sosai ba.

Kayan aiki ma sai ka san su kamar 'ya'yanka. A kasuwar Jimeta akwai kebul iri biyu a kwali iri ɗaya. Wani ɗan kasuwa da muke sayayya a wurinsa, Oga Emeka, shi ya fara nuna mini. Na ɗauki nadi guda, sai ya riƙe hannuna ya ce, "No be dis one. Wannan na masu son araha ne." Ya zaro wuƙa ya kankare wayar, sai ga fari a ƙarƙashin jan. Gwangwani ne aka shafa wa tagulla. Ka sa shi yau ya yi aiki, zafi ya buge shi ya karye a cikin bango, a ce kai ne ba ka iya ba. Shi ya sa har gobe akwai 'yar wuƙa a jakata, kusa da testa da sifana.

Yanzu bari in gaya muku aikin da ya sa nake da zafin da kuke gunaguni a kansa.

Akwai wani kamfani mai sayar da abincin kaji da magungunan dabbobi. Ba zan kama suna ba. Babban ofis da sito suna Jimeta, gonarsu kuma tana Yolde Kohi, da injin ƙyanƙyasar ƙwai da ɗakin sanyi na ajiye rigakafi. Mai kamfanin wani Alhaji ne da ba ya zama, harkar yau da kullum tana hannun ƙanin matarsa, Manaja Sali. Mu muka kafa musu sabar, muka kuma haɗa ofis da gona ta iska. Dogon ƙarfe a nan, dogon ƙarfe a can, kowane da eriya a ƙoli, suna kallon juna. In ɗaya ta kauce ko da faɗin yatsa ne, magana ta yanke.

Irin wannan ƙarfe ba gindinsa ne ke riƙe shi ba. Siriri ne, gaɓa-gaɓa ake ɗora shi. Abin da ke tsayar da shi wayoyin ƙarfe ne da ake ja ta fuska uku, kowace fuska a ɗaure ta a turken kankare. Ni da Oga muka haƙa ramukan nan da hannunmu, zurfinsu har ƙugu, muka zuba kankare muka bar shi ya bushe. A ofishin Jimeta turke biyu suna farfajiyar gaba, na ukun yana bayan sito, a filin da ake lodi. Ranar da muka gama, Oga ya kama hannun Manaja ya zagaya da shi duka ukun. Ya ce, "Manaja, in za ka matsar da wani abu kusa da wayan nan, ko dutse ne, ka kira mu tukuna." Manaja ya ce ba damuwa, yana duban agogo.

Aka yi shekaru abin na aiki lafiya. Ni na yi aure, na zama abokin aikin Oga, muna raba abin da aka samu, amma ban daina kiran sa Oga ba. Shi kuma furfura ta cika masa kai.

Sai ga muguwar shekarar nan da aka yanke layukan waya saboda rashin tsaro. Ku kuna yara lokacin. Waya ta zama tocila kawai. In kana neman mutum, sai ka taka ka je gidansa. Shingayen bincike a kowace kwana. Shagunan intanet da yawa suka rufe, wasu masu ba mu aiki suka kwashe iyali suka bar gari. Amma wannan kamfani ya ci riba da aikinmu, domin ta eriyoyin nan suna da wayar cikin gida tsakanin ofis da gona, kuma in sanyi ya ragu a ɗakin rigakafi ƙararrawa na kaɗawa a Jimeta. Duk garin ana kurma, su suna magana.

Ana cikin damina sai hanyar ta fara tsinkewa, ta dawo, ta tsinke, daga baya ta mutu gaba ɗaya. Manaja Sali, wanda bai taɓa sanin hanyar gidan Oga ba, da kansa ya zo Dubeli da sassafe. Ƙwai na cikin inji, rigakafi na ɗakin sanyi, ba ya jin kowa a gona. Muka bi shi.

Muka fara daga ƙasa, kamar yadda aka saba. Wuta lafiya. Sabar lafiya. Kebul ɗin da ya hau sama lafiya, testa ta nuna. Saura eriya. Oga ya ja da baya ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya ce kamar ya ɗan murɗe. Ya je turken farko ya girgiza waya, ya duba noti. Ya je na biyu. Na ukun, wayarsa ta haura rufin sito ta gangara baya, ta shige cikin rufin wata sabuwar rumfar kwano da ba mu san da ita ba. Ƙofar filin lodin kuwa da kwaɗo.

Oga ya ce, "Manaja, wannan rumfa fa?"

"Inuwa ce muka yi wa 'yan lodi. Rufi kawai aka ɗora a kai."

"Turken yana nan yadda muka bar shi?"

"Yana nan mana. Ina za shi?"

"Buɗe in gani."

"Makullin yana wurin mai sito, shi kuma na aike shi Numan. Oga Ishaya, don Allah kada mu ɓata lokaci, ƙwai za su lalace."

Ni ma na sa baki. Na ce, "Hamma Sali, ka tabbata ba a taɓa wayar nan ba? Rai ne zai hau."

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Buba, ba mu taɓa komai ba."

Oga ya hau tsani ya kai hannu ga wayar a inda ta haura rufin sito, ya ja ta da ƙarfi. A miƙe take tsaf. Ya sauko ya ce iska ce ta kautar da eriya, za a saita.

Saitin eriya aikin mutum biyu ne, ɗaya a kowane gefe. Ƙarfen gona ya fi tsawo, don haka Oga ya ce ni in tafi can, in duba tawa eriyar, in zauna gaban laftof ina kallon ƙarfin sigina. Tunda ba waya, muka yi alkawarin lokaci: bayan azahar zai hau ya fara juyawa. Da zarar hanya ta kama, wayar cikin gida za ta yi aiki, sai ya sa Baba mai gadi ya kira ni daga ɗakin ƙofa.

Na ɗauki keke napep zuwa Yolde Kohi, ana sauke mu a shinge ana duba jakata, ina bayanin mene ne testa. Na hau ƙarfen gona na ga komai daidai. Na yi salla, na zauna a ɗan ɗakin da ke jikin injin ƙyanƙyasa, laftof a kan buhun abincin kaji. Allo ba komai. Can sai ga ɗan ɗigo. Ya ɓace. Ya dawo ya ƙaru. Daga nesa ina ganin hannun Oga a kan allon nan, yadda yake juyawa a hankali, ya wuce kaɗan, ya komo. Sigina ta yi ta hawa har ta cika maƙil. Wayar bango ta yi ƙara. Na ɗauka, na ji muryar Baba mai gadi.

"Buba, kana ji na? Oga ya ce in tambaye ka ko..."

Sai na ji wani irin ƙugi, da salati, layin ya mutu. Allo ya koma fayau.

Na ce a raina janareta ne ya tsaya. Na jira. Iska ta iso gonar tana kaɗa kwanon rufi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. Na jira kuma. Ba wanda zan kira, ba wanda zai kira ni. Na tattara kaya na fita titi cikin ruwa, da ƙyar na sami mai keke. Kowane shinge sai an tsaya. Tun daga kan kwanar layin ofishin na ɗaga kai inda na saba ganin ƙarfen, ban ga komai ba sai sama.

Ƙarfen yana kwance a kan rufin sito, ya lanƙwashe kamar kara. Oga yana ɗaure da bel ɗin hawa a jikinsa lokacin da iskar ta bugo, don haka tare suka zo ƙasa. Kwanon sito ne ya lotsa ya rage masa faɗuwar. An riga an kwashe shi zuwa asibiti a bayan motar dakon abincin kaji.

Baba mai gadi ya kama hannuna, ya ja ni baya. Ƙofar filin lodi a buɗe take yanzu. Makullin da aka ce ya tafi Numan daga aljihun Manaja ya fito da aka tashi ciro Oga. Turkenmu babu shi. An fasa shi da guduma an share wurin, domin yana hana tirela juyawa. Wayar kuwa an naɗe ta a jikin ginshiƙin sabuwar rumfar, wani ɗan bututun ƙarfe da aka dasa a siminti mai kaurin tafin hannu. Ɗaurin da za ka yi wa akuya. Ginshiƙin ya tumɓuke yana kwance da ɗan guntun simintinsa a gindi. Baba ya ce tun farkon damina aka yi aikin, kuma bai san an tambayi Manaja ya musa ba, yana ɗakin ƙofa.

Ku fahimci abin da nake gaya muku. Ba iska ce ta kautar da eriyar ba tun farko. Matsar da wayar da suka yi ne ya murɗa ƙarfen, shi ya kashe hanyar. Da mutumin nan ya buɗe baki ya ce mun matsar da waya, da ba wanda zai hau ko'ina. Daga ƙasa za mu gyara, da diga da buhun siminti. Tsoron kada a ce ya yi laifi, shi ya sa ya tsaya yana kallon dattijo yana ɗaura bel.

A asibiti na iske matar Oga, Mama Rifkatu, zaune a ƙasa a baranda, zaninta jiƙe da ruwan sama. Likita ya ce zai rayu, amma ƙashin baya ya karye, ƙafafu ba za su sake ɗaukar sa ba.

Washegari Alhaji ya zo dubiya, Manaja na biye da shi. Ya gaida Mama Rifkatu, ya yi addu'a, ya leƙa ɗakin. Sannan ya yafito ni gefe, ya rage murya.

"Buba, yanzu yaya za a yi da netwok ɗin? Ka san ƙwai na cikin inji."

Tsakaninmu da gadon Oga bango ɗaya ne. Na ce ya zo mu je ofis in nuna masa abu. Na kai shi filin lodi, na tsayar da shi a kan ginshiƙin nan, na nuna masa inda turkenmu yake a da. Na maimaita masa tambayar da muka yi da amsar da aka ba mu, a gaban wanda ya ba da ita. Manaja ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Alhaji ya ja numfashi, ya ce, "Ƙaddara ce, Buba. Abin da Allah Ya rubuta ba makawa."

Na ce, "Alhaji, ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda ya riƙe guduma yana da suna. Wanda ya sa makulli a aljihu ya ce yana Numan, ga shi nan tsaye kusa da kai."

Ya ce in yi haƙuri, in bar maganar, zai yi masa faɗa a gida. Faɗan ke nan har yau. Ba a kore shi ba, ba a ko sauya masa kujera ba. Aka aika wa Mama Rifkatu buhun shinkafa da kiret ɗin ƙwai.

Daga filin lodin ɗakin sabar na wuce, na rufe ƙofa na zauna. Duk makullan kwamfutocin kamfanin nan suna kaina. Kafin shayi ya huce zan iya share komai, da na sabar da kwafin ajiya, yadda ba wanda zai dawo da shi har abada. Na sa hannu a kan allon rubutu. Amma abin da ke ciki ba na Alhaji da Manaja ba ne su kaɗai. Akwai sunayen ƙananan masu kiwo da ke jiran 'yan tsaki, akwai ranakun rigakafin garken mutane, akwai bayanan ma'aikatan gona da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kuma ba don wannan aka ba ni makullan ba. Na leƙa na kira Alhaji. Na zaunar da shi a kujerata, na juya masa baya, na ce ya rubuta sabuwar kalmar sirri da yatsansa. Sannan na rufe ƙofar shigata da ta Oga a kan idonsa. Na ce ya nemi wanda zai tayar masa da ƙarfe, ni na gama. Daga wani gari suka ɗauko mutane. An ce ƙwan da ke cikin inji sun lalace. Ban tambaya ba.

Tun daga ranar akwai almakashin yanke kwaɗo a jakata, shi ne wannan mai jan hannu da kuke tambaya na mene ne. Ba mai hawa ƙarfe a ƙarƙashina sai tafin hannuna ya taɓa kowane turke. In aka ce makulli ba ya nan, in yanke kwaɗon in saya musu sabo. In aka hana, in naɗe kayana. Na rasa ayyuka da dama saboda haka, ana cewa Buba ba shi da ladabi. Su faɗa.

Oga ya daɗe a asibiti kafin a mai da shi gida. Duk tsawon lokacin Mama Rifkatu ta hana a yi masa zancen aiki, ni ma ban yi ba. Wata ranar Lahadi da yamma na je Dubeli na same shi an fito da shi tsakar gida a keken guragu, an lulluɓe masa ƙafafu da zani, ita tana ciki tana girki. Muka gaisa. Ya waiga ya ga ba ta kusa, sai ya yafito ni da yatsa. Na durƙusa kusa da shi, ina zaton zai yi maganar Manaja.

Ya ce, "Buba, ranan nan. Kafin abin ya faɗi. Ya kama?"

Na ce, "Ya kama, Oga."

"Ya kai ina?"

"Ya cika. Ko ranar da muka fara kafa shi bai kai haka ba."

Ya jingina kansa da bayan keken, ya lumshe ido yana murmushi. Ya ce, "Na sani. Na ji a hannuna."

Shi ya yi murmushi. Ni ina durƙushe ina kallon zanin da ke kan ƙafafunsa, kuma har yau ban ga abin murmushi a ciki ba.